Layi Mara Jiki

Daren da zan taso, Rumasa'u ta karɓi wayata.
Ta ce, Baba, aje tsinken nan, ba abin da za a buɗe.
Ta haska wani zane, baƙi da fari,
kamar hatimin da Malam Ɗanjuma ke ja wa mai ciwon kai,
ta ce an gama.
Na girgiza wayar kusa da kunne.
Na ce ina layin?
Ta ce yana ciki yana barci, sai ka sauka zai farka.

Ya kuwa farka.
Ban gama ɗaure takalmi a Kumasi ba
saƙo goma sha tara suka rufto:
ka isa? ka ci abinci? kar ka manta da atamfata.

Kakana Na'Allah wata biyar yake yi a hanyar nan,
jakai sha ɗaya, kanwa a zuwa, goro a komowa.
An haifi ubana, har ya fara rarrafe,
kafin labarin ya cim masa.
Ni ga shi tarin jikata ya riga ni fita daga tasha.

A Kejetiya na zama ɗigon shuɗi a tafin hannuna.
In na yi gabas, ya ce yamma.
Rumfa dubu, ya ɗauke su fili guda.
Yaron mota na kiran Aboabo, Aboabo,
na shiga don sunan ya yi kama da wanda ke takardata.

Mai lemu ba ta da canjin sidi hamsin.
Ta ce faɗi lambarka in turo maka.
Na buɗe baki.
Ashe layin nawa yana da ido, yana da kunne,
ba a yanka masa ragon suna ba.
Yana kai ni ko'ina, ba mai iya kiransa.

Ita kuma Gwaggo Tabawa, wadda na zo dominta,
'yar autar da kakana ya bari a nan,
wayarta ƙarama ce, mai tocila.
Tun hantsi, in ji su, take danna lambata ta gida,
wata mata na ce mata a kashe take.

Kwatancen da na riƙo:
bayan masallaci, inda aka sare mangwaro.
Taswira ba ta san bishiyar da babu ba.
Ruwa ya sauko, irin nasu, ba sallama.
Na fake a rumfar wata mai shinkafa da wake,
wayar ta yi ƙara: guzurinka ya kusa ƙarewa.

Tsohuwar ba ta dubi wayar ba, ni ta duba.
Ta daɗe.
Ta ce, da Hausarsu mai gajeren wando,
wannan goshi na gidan Na'Allah ne.
Ta ƙwala wa wani yaro kira, Fuseni, kai shi.
Lungu uku, kwata biyu, ƙofa mai shuɗin fenti.

Gwaggo ta shafa fuskata kamar mai zaɓen goro.
Ba ta yi kuka ba sai da na kira Rumasa'u,
fuskar ta fito, da wushiryar da ba mu san inda ta samo ba.
Gwaggo ta yi dariya, sai ga ta.

Ta soma jero mata kakanni,
Na'Allah ɗan Barmo, Barmo ɗan Gagarau,
a nan guzurin ya ƙare.
Rumasa'u ta daskare da baki buɗe, gilashi ya yi duhu.

Gwaggo ba ta tsaya ba.
Ta kai na bakwai, ta juyo gare ni,
ta ce to, kai ka kai mata sauran.